Wanda Ya Kai Ƙarar Motar Sahabi

Shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar yayana Sahabi, bakanike a garin Jega, wanda mutanen Jega da Aliero da Maiyama suka fi sani da Sahabi Mai Motar Kananzir. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, dab da cirar albasa, nakan tara iyali a yi masa addu'a, a raba sadaka, kowa ya kama gabansa. Bana addu'ar kaɗai ba ta ishe ni ba. Akwai maganar da na riƙe tun yana da rai, ga shi ni ma furfura ta gama da gemuna, shi ya sa na roƙi wannan fili a jarida.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a Danwarai aka haife mu, ya ba ni shekara shida. Ni na bi sawun albasa har na zama dillali a kasuwar Aliero, ina loda wa manyan motoci suna yin kudu. Shi kuwa tun yana ƙarami gona ba ta riƙe shi ba, ya tafi Jega koyon gyaran mota. Lokacin da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu sabuwar jiha, babu manomin albasa a yankinmu da bai taɓa kai masa injin ban-ruwa ba. Mutum ne mai ƙarancin magana. Idan aka kawo masa inji mai ciwo, sai ya sa a tayar da shi, ya ɗora wani siririn ƙarfe a jikinsa, ya kanga kunne a ɗaya ƙarshen, ya yi shiru. Kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya ya riga ya faɗa maka abin da ya lalace.

Matasan yau ba za su gane yadda shekarun nan na farko suke ba. Baƙi sun cika ko'ina, kowa da jaka da takardu, kowa ya ce shi ɗan kwangila ne ko wakilin wani babba. Mulki na hannun soja, man fetur yana wuya, kan iyaka ba nisa, mutum yakan duba hagu da dama kafin ya yi magana a tasha. A irin wannan yanayi wani mutum ya fara zuwa garejin Sahabi duk ranar kasuwa. Ya ce a kira shi Injiniya, ya ce ya yi aiki a filin jirgin sama ya ajiye. Ni ya ce mini mutumin gabas ne, wani kuma ya ce masa a Zariya aka haife shi. Na lura sau biyu lambar motarsa ta canza, motar kuwa ita ce dai. Hausarsa tana da kyau ƙwarai, amma ba ka iya cewa ga garin da ta fito.

Wata rana ya zo da wani abu a bayan mota, naɗe cikin tamfol. Da aka buɗe sai ga inji wanda bai kai rabin ganga ba, ba irin wanda muka saba gani ba. Sahabi ya yi mini bayani idanunsa na ƙyalli. Ya ce ƙaramin inji ne da ake tayar da injin jirgin sama da shi, cikinsa duk fankoki ne, yana zuƙar iska ta gaba, ya ƙona ta da kananzir, ya feso ta ta baya da ƙarfin da zai iya tura abu. Injiniya ya nuna masa hoto a wata tsohuwar mujalla, na wasu dogayen motoci da ake tsere da su a ƙasashen waje, a miƙaƙƙen fili, gudun da ba ya wuce 'yan daƙiƙu. Irin wannan mota Sahabi yake so ya ƙera da hannunsa a Jega. Da na tambayi inda aka samo injin, sai Injiniya ya ce a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa ya tsince shi, ya canza magana.

Sahabi ya kewaye bayan garejinsa da kwano, ban da Injiniya ya hana kowa shiga sai mutum uku: ni, da matarsa Kulu mai kawo masa abinci, da amininsa Namakka. Namakka mahauci ne, rumfarsa na jingine da garejin, tare suka tashi, kuma kullum da azahar kwano ɗaya suke sa hannu. A gabanmu motar ta fara fitowa. Da bututun ƙarfe ya haɗa jikinta, doguwa siririya kamar kwalekwalen masunta, tayoyin babur a gaba, na a-kori-kura a baya. Kujera ɗaya ce, ita ma sai mutum ya kishingiɗa. Babu ƙofa, babu wurin kaya. Na tambaye shi me za ta riƙa ɗauka.

Ya ce, "Ba ta ɗaukar komi, Attahiru. Gudu kawai."

Wannan amsa ce ta fara sa mini shakka. Ni mutum ne da ya tashi yana auna mota da yawan buhunan da take ɗauka. Na kasa yarda cewa baƙo zai riƙa zuwa daga nesa duk mako, ya kawo abu mai tsada irin wannan, don kawai a yi gudu a tsaya. Na ce a raina lallai akwai abin da yake nufi da yayana wanda bai faɗa ba.

Ranar da aka fara tayar da injin, rana tsaka ce. Ya fara da wani siririn fito, ya yi ta hawa har ya zama ƙarar da ba mu taɓa ji ba, kwanon rufi na rawa, mutane na toshe kunne suna gudu. Namakka yana da wani sa da ya ɗaure zai yanka washegari. San ya tsinke igiya ya faɗa kasuwa, ya tattake kayan masu tumatir, ya ji wa Namakka ciwo a hannu wajen kama shi. Cikin fushi, a gaban jama'a, Namakka ya ce wa Sahabi in bai bar wannan shirme ba sai ya kai shi gaban hukuma. Washegari da azahar na same su suna cin abinci tare suna dariyar abin. Amma mutanen da suka ji maganar jiya ba su ga dariyar ba.

Daga nan zance ya cika gari. Wasu suka ce jirgi yake ƙera wa 'yan fasa-ƙwauri don su riƙa tsallake kan iyaka. Wasu suka ce makami ne. Wata tsohuwa a unguwarsu ta hana jikokinta bi ta ƙofar gidansa. Aka fara ƙirga gangunan kananzir da ake shiga da su garejin, a lokacin da mata ke layin kwalba ɗaya. Dole in faɗi wani abu game da kaina a nan: a shekarar ina neman shugabancin dillalan albasa, kuma a wani zama da muka yi, abokin takarata ya tambaye ni a gaban dattawa abin da yayana ke ɓoyewa a bayan kwano. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tsoron abin da zai sami Sahabi ne kawai ya motsa ni. Ba gaskiya ba ne. Akwai tsoron sunana a ciki.

Bayan kwana kaɗan na shiga garejin ba sallama, na tarar da Injiniya shi kaɗai a tsugune, yana goge wasu lambobi da ke kan wani ɗan faifan ƙarfe a jikin injin, da zarto. Ya ɗago ya gan ni, ya yi murmushi, ya ce tsatsa yake cirewa. Babu tsatsa a wurin. Na je na gaya wa Sahabi, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Kai dillali ne. Kowa ka gani sai ka ɗauka ya ɓoye ruɓaɓɓiyar albasa ƙasan buhu."

Da safen wata Laraba na tafi wani ofishin hukuma wanda ba zan ambata ba. Na faɗa musu duk abin da na gani. Na roƙe su baƙon za su bincika, yayana ba ruwansa, suka ce kada in damu, kuma sunana ba zai fita ba. Alkawari na biyu sun cika shi. Kwana biyu bayan haka suka zo da mota, suka ɗauke injin da zane-zanen da Sahabi ya yi, suka tafi da shi kansa. Injiniya kuwa ranar kasuwa ta zo ta wuce bai zo ba, kuma ba a sake ganinsa a Jega ba. Har yau ina tambayar kaina wa ya tsegunta masa.

Kwana tara Sahabi ya yi a hannunsu. Ni ne na yi ta zirga-zirga tsakanin Jega da Birnin Kebbi, na tara dattawa da limamai har aka sako shi. Mutane suka yi ta yaba mini, ana cewa kowa ya samu ƙane irin Attahiru. Mahaifiyarmu ta riƙe hannuna ta yi ta sa mini albarka tana kuka. Na karɓi wannan duka kamar na cancanta.

Sahabin da ya dawo ba shi ne wanda aka tafi da shi ba. Bai taɓa faɗa mana abin da aka yi masa ba, amma ya daina zama da baya ga ƙofa. Ya ce a cikin tambayoyin da suka yi masa akwai maganar lambobin da aka goge, kuma bayan shi da Injiniya, mutum uku ne kaɗai suka taɓa ganin injin kusa. Kulu matarsa ce. Ni ƙanensa ne, ni na fitar da shi. Saura wanda ya yi rantsuwa a gaban kasuwa cewa zai kai shi ƙara. Ya manta, ko kuma zuciyarsa ta ƙi tuna masa, cewa ni ne na fara kawo masa zancen lambobin.

Ya sa aka gina bangon bulo tsakanin garejinsa da rumfar Namakka. Ya hana Kulu sayen nama a wurinsa. Namakka ya zo sau biyu yana son su yi magana, Sahabi ya ci gaba da walda kamar ba kowa a tsaye. Wata rana muna zaune ya dube ni ya ce abokinsa na shekara talatin ne ya yi masa haka, wa kuma zai yarda da shi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kyauta." Gari ya ɗauka. Aka fara kiran Namakka mai kai rahoto, direbobi suka daina zama a bencinsa, masu sayen tsire suka ragu. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma Maiyama.

Kowa ya ɗauka maganar mota ta mutu. Ashe ba ta mutu ba. A injin manyan motoci akwai wata fanka da hayaƙi ke juyawa, Sahabi ya nemi biyu daga motocin da suka yi hatsari, ya ƙera musu tukunyar ƙona kananzir da kansa, daga abin da ya riƙe a ka. Shekara ɗaya da rabi ya yi yana wannan aiki, a wannan karo ko ni bai bari na leƙa ba. Sai da ya gama ya je ya sanar da hakimi da hukuma da bakinsa, ya ce duk mai son gani ya zo.

Da hantsi aka yi gwajin, a wani miƙaƙƙen wuri kan hanyar Maiyama, kusa da Karaye. Direbobi abokansa suka tare hanya gaba da baya da motocinsu. Jama'a sun cika gefen titi, da yawa sun zo ne su ga yadda abin zai fashe. Ya sa hular kwano ta masu babur, ya kishingiɗa a ciki. Da farko motar ta fara tafiya a hankali kamar amalanke, ga ƙara kamar sama za ta tsage, mutane suka fara dariya. Daga nan ta ɗauka. Na ga ta wuce gabana, iska mai zafi ta kwashe hulunan mutane, kafin in juya kai ta yi nisa. Wajen tsayawa tayar gaba ta fashe, motar ta zame ta faɗa gonar da aka girbe dawa. Muka ruga. Muka same shi yana fitowa, bayan rigarsa ya ƙone, yana dariya har da hawaye. Tun da aka sako shi ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Babu wanda ya auna gudun. Yau nakan ji mutane suna faɗin lissafi iri-iri, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin, ni ban yarda da ko ɗaya ba. Abin da na gani da idona shi ne Namakka, can nesa a gindin wata giginya, shi kaɗai, ya zo kallo. Sahabi ma ya gan shi. Dariyar ta tsaya, ya juya fuska.

Motar ba ta sake gudu ba. Bayan 'yan shekaru, cikin zafin bazara, sanƙarau ya kama Sahabi. Na yi niyyar faɗa masa a asibiti, na shirya maganar a hanya, na isa na tarar ya daina gane mutane. Kwana uku ya yi. Namakka ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun ƙarshe, aka binne ya koma Maiyama bai shiga gidan gaisuwa ba.

Nakan tambayi kaina me Sahabi zai ce da ya ga yau. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, wurin da muka sani gonaki ne. Ga injin ban-ruwa da ke aiki da hasken rana, ba mai ba hayaƙi. Jikata ta nuna mini a waya irin motar da ya so ya ƙera, tana aman wuta a wata ƙasa. Na san zai yi murna, na kuma san ba zai yarda da komai ba sai ya kwance bayansa ya ga abin da ke ciki. Amma ban tabbata zamanin ya fi nasa sauƙi ba. Yau idan mutum ya kewaye bayan gidansa da kwano, baƙo na zuwa masa da kaya a naɗe, ba na jin maƙwabta za su jira kwana biyu. Tsoron da muke ciki yanzu ya fi na da, kuma yana da dalili.

Ni kaina ban warke ba. Bara wasu mutum biyu suka zo da takarda mai tambari, suka ce wata gidauniya ce ta turo su, suna son ragowar motar da ke bayan gidan Kulu don a ajiye ta wurin tarihi. Na yi musu tambayoyi uku, amsoshin ba su kwanta mini ba, na sallame su. Mai yiwuwa na tsare mana kaya daga 'yan damfara. Mai yiwuwa kuma na sake hana yayana abin da ya cancanta. Haka nake game da Injiniya: har yau ban sani ba ko ɓarawo ne, ko ɗan leƙen asiri, ko kuwa tsohon ma'aikaci ne mai son inji wanda ya sayi abin da bai kamata ya saya ba, ya ji tsoro ya gudu.

Watan jiya na hau mota na tafi Maiyama. Namakka ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, 'ya'yansa ke riƙe da sana'ar. Na same shi a zaure, muka gaisa, ya gane muryata. Na ce Yaya Namakka, na zo da magana mai nauyi. Na faɗa masa komai daga farko. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Na sani. Ranar Larabar ni na kai nama gidan da ke bayan ofishin. Na ga babur ɗinka a jingine, na ga hitowarka."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa, alhali shi aka ɗora wa laifin, shi ya bar garinsu.

Ya ce, "Da na hwaɗa mai, kai za shi yanke. Ku kuwa nono guda kunka sha, uwarku tana raye. Na ce bari in jira, yaron zai hwaɗi da bakinshi. Na jira shekara guda, na jira biyu, har anka binne shi. Ba ka hwaɗi ba."

Na roƙe shi gafara. Ya ce abin da ke tsakaninsa da ni ya yafe tun da daɗewa, don ba ya son ya je kabari da shi. Amma ya ce a kasuwar Jega aka ɓata masa suna, ba a cikin zaure ba, kuma yana da jikoki da har yanzu akan yi musu gori da abin da kakansu bai yi ba. Ya ce in je in faɗa inda mutane za su ji.

Na fara da Kulu. Ta saurare ni a tsaye, ta ɗauki butarta ta shiga ɗaki, har yau ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. Na faɗa a majalisar tsofaffin direbobi a Jega, waɗanda suka rage. Wannan rubutu shi ne na uku.

Idan na auna abin da ya rage na Sahabi, motar ce mafi ƙanƙanta. Tsatsa ta cinye ta, kaji na ƙwai a ƙarƙashin kujerar. Abin da ya fi ta shi ne magidantan da suka koyi aiki a hannunsa, waɗanda ke riƙe da garejoji daga Jega har Aliero, da manoman da albasarsu ba ta bushe ba a shekarun wuya saboda shi. Akwai kuma safiyar nan ta Karaye, da mutanen ƙauye suka ga ɗan'uwansu wanda bai gama firamare ba ya ƙera abin da aka ce sai a ƙasashen waje. Ya rage masa kuma kuskure guda, cewa ya mutu yana fushi da mutumin da ya fi kowa riƙe masa amana. Wannan kuskure ba nasa ba ne, ni na sa shi a ciki, ina roƙon Allah kada ya tambaye shi a kai.

Ga duk wanda ya taɓa jin labarin ta wata fuska, ko ya gada daga bakin iyayensa, ya gyara. Namakka mahauci bai kai ƙarar Sahabi ba. Ni Attahiru, ƙanensa, ni na kai. Allah ya jiƙan Yaya Sahabi, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da amininsa a inda ba sauran zargi.